Gargaɗi ga Iyayen Sarkin Yamma: Ku Ɗauko Karnen Yaro Yau da Dare

Hatsi ya shiga rumbu, an gama roron wake, ruwan Gulbin Maraɗi ya ja baya ya bar yashi. Nan da 'yan makonni samari za su ɗaure kaya su nufi Maraɗi da Katsina da Kano ci-rani, bukukuwan auren da aikin gona ya sa aka ɗage za su kankama, kasuwannin ƙauye su cika maƙil. Duk shekara wannan lokaci muke ɗoki. Dussa ma shi take jira, wadda wasu ke kira ƙyanda, tsofaffi kuma su sakaya sunanta su ce baƙon dauro. Da sanyin hunturu take fara leƙowa, ta yi ƙarfi idan zafi ya taso daga Maris zuwa Mayu, ba ta lafawa sai ruwa ya sauka. Mai shiri yanzu zai yi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da nake roƙon kowane maigida a Sarkin Yamma, Sabuwa da Tsohuwa, da maƙwabtanmu na Safo da Gabi da ƙauyukan bakin dajin Babban Rafi, bai fi aikin minti goma ba. Yau da dare, bayan sallar isha'i, ka ce wa mai ɗakinka ta ɗauko karnen allurar duk yaron da bai kai shekara biyar ba. Ta san inda yake, yana cikin leda a ƙasan kwalla tare da 'yan kunnen aurenta. Idan ba ka karanta Faransanci, kira ɗan lakwal ya haska tocila. Kada ku tsaya kan layukan farko, su galibi a cike suke. Ku gangara ƙasa ku nemi allurar wata tara, sannan ku nemi ta biyunta, wadda ake yi bayan yaro ya shiga shekararsa ta biyu. In kun tarar gurbin fari fat, babu kwanan wata, babu hatimi, to yaronku a buɗe yake, rani kuwa na tafe.

Na ce layukan farko a cike suke don na san yadda abin ke tafiya a gidajenmu. Mai jego ba ta wasa da likita. Tana gama arba'in za ta goya jariri ta je a yi masa ta mako 6, ta koma a mako 10, ta sake komawa a mako 14. Daga nan sai a ce mata, sai ya cika wata tara. Wata biyar da 'yan kai ke nan a tsakani, a cikinsu kuwa komai na iya faruwa: damina ta sauka, ga noma ga maimai, gulbi ya kawo ruwa ya raba wasu ƙauyuka da hanya, kuɗin kabu-kabu ya zama abin lissafi. Yaron kuma ƙalau yake, yana rarrafe yana damƙar tuwo. Wa zai tuna? Ta biyun ta fi shan wuya, don lokacinta ya yi daidai da yaye, uwa na fama da sabon ciki, an miƙa yaro gidan kaka, karne ya tsaya a ɗakin uwa. Yawancin yaran da ke zaune babu rigakafi a wannan yanki iyayensu ba su taɓa korar mai allura daga ƙofar gida ba. Mantuwa ce da hidimar yau da gobe. Sai dai cutar ba ta tambayar dalili.

Lokaci ya yi da za mu daina yi wa dussa kallon baƙon da dole kowane yaro ya sauke. Cikin cututtukan da ɗan Adam ya sani, kaɗan ne suka kai ta saurin yaɗuwa. Yaro mai ita in ya yi tari a ɗaki, ƙwayar cutar na iya zama cikin iskar ɗakin har awa biyu bayan ya fita. Cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna tare da shi, tara na iya kamuwa. Abin da ya fi muni, tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito yake rarraba ta, lokacin da uwarsa ke cewa mura ce kawai, tana goye da shi zuwa gidan suna, zuwa rijiya, zuwa injin niƙa. Ranar da aka ga ƙuraje a bayan kunne aka ce baƙo ya sauka, ai ya riga ya kwana a gida biyar.

Wani rani da ya wuce na shiga wani ɗaki dubiya. An toshe taga da tsumma, an saki labule, wai baƙon ba ya son iska. Yarinya 'yar wata goma sha huɗu na kwance kan zanin uwarta, idanunta sun yi jawur sun manne da kwantsa, leɓɓa sun tsattsage, baki duk gyambo har ba ta iya kama nono. Abin da ya fi tsaya mini a rai numfashinta ne, gajere, da sauri, fatar ƙasan haƙarƙarinta na shigewa ciki duk sa'ad da ta ja iska. Kakarta na zaune bakin ƙofa.

"Inna, a bari mu kai ta likita," in ji uwar, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke yarinya ce. Allura ba ta shiri da baƙon dauro. Mu da muka haifi uban nata, haka muka yi jinyarsa."

Kwana biyu ana wannan ja-in-ja kafin uban ya yanke magana ya ɗaura amalanke. Yarinyar ta rayu, amma idonta na hagu ya yi fari, kuma haka za ta girma da shi. Da aka ɗauko karnenta a likita, layi uku a cike suke, na wata tara babu komai. Ban ga laifin tsohuwar ba sosai, abin da ta gada ta yi, kuma son jikarta ne ya zaunar da ita a bakin ƙofar nan. Amma a zamaninta babu allurar a kusa. Yau tana nan, kyauta, tafiyar safiya ɗaya.

Ƙurajen da muke tsoro ba su ke kisa ba. Abin da ke biyo bayansu ne: ciwon huhu, zawo mai tsiyaye ruwan jiki, wani lokaci kumburin ƙwaƙwalwa, da makanta ga yaron da jikinsa ba shi da isasshen bitamin A. Ko yaron da ya tashi bai gama biyan bashi ba, don dussa tana goge abin da jiki ya riga ya koya na yaƙi da wasu cututtuka. Shi ya sa za ka ga yaro ya warke, amma wata da watanni yana daga wannan ciwo zuwa wancan, yana ramewa, har tamowa ta kama shi. Tamowa kuwa ba baƙuwa ba ce a gundumar Madarunfa. Duk wanda ya leƙa ɗakin yara na asibitin gunduma a tsakiyar damina ya ga yadda gadaje ke cika. A 2003, bayan wata annoba a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, masu bincike sun bi gida-gida suna ƙidaya, suka tarar kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ya rasu, galibinsu ƙananan yara. Mirya ba Turai ba ce, abincinsu irin namu ne, nisan likitarsu irin namu. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta dussa ta kashe mutum 107,500 a 2023 kaɗai.

Wani zai ce, an yi wa ɗana ta wata tara, me ya sa sai an ƙara? Dalilin a jikin jariri yake. Yakan zo duniya da guzurin kariya daga jinin uwarsa, wanda ke raguwa sannu a hankali. A wata tara wasu yaran akwai sauran guzurin nan a jikinsu, sai ya tare allurar ya hana ta kamawa. Kusan yara 85 cikin 100 take kama wa a wannan shekarun. Sauran 15 suna da hatimi a karne, amma jikinsu bai ɗauki darasin ba, kuma babu mai gane su da ido. Ta biyun ce ke tsince su. Kafin cutar ta rasa hanyar yawo a gari, sai yara 95 cikin 100 sun samu allura biyu. Wannan katangar ce kaɗai ke kare jaririn wata huɗu da bai isa allura ba tukuna. Idan maƙwabcinka ya bar nasa, jaririn ɗakinka ne a bakin ƙofa.

Batun ci-rani da na fara da shi ba zato na yi ba. A 2011 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da aka yi kan Yamai da Maraɗi da Damagaram. Masu binciken sun duba hotunan dare da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama, suka ga hasken wutar biranen nan na ƙaruwa da rani, lokacin da mutanen karkara ke kwarara ciki, ya ragu da damina in sun koma gona. Da suka jera wannan da alƙaluman dussa, sai suka ga tare suke hawa, tare suke sauka. Sarkin Yamma kuwa a gefen Maraɗi take. Mai kai itace da mai kai tumatir safe su tafi, yamma su dawo. Abin da ya shiga kasuwar Maraɗi da hantsi, da magariba yana zauren gidanka.

Kudu ma haka. Iyaka a takarda take, cuta ba ta nuna katin shaida a Ɗan Isa. Mutanen gundumar nan ba su manta da daminar 2018 ba, lokacin da aka kawo mutum uku 'yan gida ɗaya daga Jibiya zuwa likitar N'Yalwa a watan Yuli suna amai da gudawa. Kafin abin ya lafa, sama da mutum 3,000 sun kamu da kwalara a Nijar, mafi yawansu a Madarunfa. Mashaƙo, wanda matasan ma'aikatan lafiya da yawa sai a littafi suka san shi, ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ya kwantar da dubban yara, a watan Agustan 2023 kuma hukumomin Nijar suka bayyana ɓullarsa, Matamai na kan gaba. Ciwo ne da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaro har yaro ya kasa haɗiya, ya kasa numfashi. Rigakafinsa na cikin allurar nan ta cinya da ake yi sau uku a farkon rayuwa. Ya dawo ne don an bar yara da yawa ba a ƙarasa musu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba don a zargi 'yan'uwanmu na ƙetare nake faɗar wannan ba. Mu da su uwa ɗaya uba ɗaya ne, cutar ma daga nan takan tafi can. Tun 2019 dubban iyalai daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, a cikin gundumarmu ma akwai waɗanda suka bar garuruwansu na bakin daji suka raɓa gidan dangi. Wanda ya fita da tsakar dare da yaro a kafaɗa ba karne yake nema ba. Idan kana da irin waɗannan baƙi a gidanka ko a unguwarka, ka haɗa yaransu da naka ranar allura. Babu mai tambayar su takardar ƙasa.

Zuwa likita na asali shida ne cikin shekara biyu, kuma kowane zuwa da kayansa. Ranar haihuwa, ko da wuri bayanta, akwai ta tarin fuka, mai barin tabo a hannu, da ɗigon shan inna. Zuwa ukun da ke biye su ne na allurar cinya mai haɗe da cuta biyar, wato mashaƙo, sarƙewar haƙora, tarin shiƙa, ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai, tare da ta ciwon huhu da ɗigon zawo, waɗanda Nijar ta shigar cikin tsarinta a 2014. A wata tara sai dussa da shawara da sanƙarau. Sai cikon dussa a shekara ta biyu. Mai ciki ma akwai tata a wurin awo, wadda ke kare jariri daga sarƙewar haƙora ta hanyar cibiya.

Maganar ɗigon zawo ta tuna mini wani abu da ya kamata kowane ɗan gundumar nan ya sani, ya kuma yi alfahari da shi. Daga 2014, ma'aikatar lafiya ta Nijar da ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre sun gwada wani sabon rigakafin zawon jarirai a ƙauyukan Madarunfa. Kamfanin Serum na Indiya ne ya haɗa shi, bambancinsa da na da kuwa shi ne yana jure zafi tsawon watanni, abin da ƙasa irin tamu mai ƙarancin wuta da firiji ke bukata. Jarirai sama da 3,500 aka bi diddiginsu. A Maris 2017 aka buga sakamakon a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka: ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kusan biyu bisa uku. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Yau ana ɗiga wa jarirai a ƙasashen da iyayensu ba su taɓa jin sunan Madarunfa ba, albarkacin matan da suka riƙa goyo suna zuwa likita a nan. Abin kunya ne mu dafa wa duniya, mu bar namu da yunwa.

Yanzu bari in juya ga masu shakka, don suna nan, kuma ba dukansu ne jahilai ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, ana tsakiyar babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan kan yara a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, babu mai ƙaryata shi. Amma a lura, Trovan maganin jinya ne da ake gwadawa, ba rigakafi ba ne. A duba kuma abin da tsoron ya haifar. A 2003 Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da ɗigon shan inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Aka yi gwaje-gwaje, aka kawo wani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, aka koma yi a Yulin 2004. A ɗan tsakanin nan cutar ta fantsama zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiyar kanta. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu samari ne, wasunsu muna ganin su a tashar mota kan keken guragu. Waɗanda suka yaɗa jita-jitar babu wanda ya zo ya tura musu keken.

Zancen hana haihuwa kuwa, a jihar Maraɗi, ni dariya yake ba ni in ba don abin da yake jawowa ba. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen Nijar na haihuwa 7.6 a matsakaici, ta jihar Maraɗi 8.4, adadin da da wuya ka samu irinsa a duniya. 'Yan matan da aka yi ta ɗiga wa maganin shan inna shekara ashirin da suka wuce su ne yau ke cika ɗakin haihuwa. Duba gidanka, duba na maƙwabcinka. Gani ya kori ji.

Ga mai cewa komai ƙaddara ce, ba zan yi masa gardama ba, gaskiya ne. Malamanmu dai sun sha ba mu labarin Sayyadina Umar da ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta sauka can, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, sai ya kawo misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa cikin ƙaddarar Allah yake, amma mai hankali ya san inda zai kora. Akwai kuma abin da nake so Alhaji ya amsa mini. Da za ka sauke farali, Saudiyya ta ce sai da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara, ka naɗe hannun riga ba ka ce uffan ba. Yaya abin da ya halatta ga damtsenka ya zama makirci a cinyar jikanka?

Wasu kuma tambayarsu ta fi nauyi: me ya sa ake bin mu har gida da ɗigon shan inna, alhali zazzaɓi ke kashe mana yara, in mun je likita a ce magani ya ƙare? Kukan nan gaskiya ne, hukuma ta ji shi. Tun 2006, zamanin Tanja Mamadu, doka ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, kowa kuma ya san sau nawa ake miƙo wa uba takarda ya je ya saya. Amma fushi da wannan ba ya zama dalilin hana yaro abin da ke hannu. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Ana ci gaba da zagayen ne saboda ƙwayar da aka raunana ta cikin ɗigon, in ta daɗe tana yawo tsakanin yara marasa kariya, tana iya sake yin ƙarfi. Inda kowane yaro ya samu, ba ta da wurin yawo. Zazzaɓin ma an fara taɓa shi: Madarunfa na cikin gundumomin da aka fara raba maganin kariya na wata-wata da damina a 2013, a Satumbar 2024 kuma Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Gaya.

Mai neman shaida ya je wurin dattijon unguwarsa ya ce ya nuna masa lambar da ke damtsensa, ya tambaye shi agana. Zai ba shi labarin makafi da masu zanen fuska da garuruwan da aka ƙaurace wa. Daga 1967 aka bi Afirka ta Yamma gari-gari ana lamba, a 1980 aka bayyana agana ta ƙare a duniya. Yaran yau ko sunanta ba su sani ba. Sanƙarau da ya kashe mutum kusan 25,000 a ƙasashen Afirka a annobar 1996 zuwa 1997, nau'insa da ya fi yi mana ɓarna ya kusan ɓacewa tun da aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba sa kai shekara biyar. A 2009 adadin ya sauko 128. Gidan sauro da bitamin A da ƙananan likitocin ƙauye da jinyar tamowa duk sun sa hannu, rigakafi na tsakiyarsu. Kakanninmu kan haifi goma su binne biyar su ce haka duniya take. Ashe ba haka take ba.

Iyaye mata, na san abin da ke sa wasunku ja da baya: daren da ke biyo bayan allurar cinya. Jiki ya yi zafi, wurin ya kumbura, yaro ya hana kowa barci, maigida ya ce kin kai shi lafiya lau kin dawo da shi da ciwo, kada ki sake. Zafin nan alama ce jiki na koyon aikinsa, kwana ɗaya ko biyu yake yi ya wuce. Ki ba shi nono akai-akai, ki rage masa tufafi, ki ba shi maganin zafin jiki yadda ma'aikaciyar likita ta ce. Kada a gasa wurin, kada a kai wa wanzami. Ta dussa takan kawo ɗan zazzaɓi ko 'yan ƙuraje bayan mako guda ko fiye, su ma wucewa suke. Ta tarin fuka takan yi ɗan ƙurji ta fashe ta bar tabo, a bar ta kawai. In zafin ya wuce kwana biyu, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, a koma likita nan take. Kai kuma maigida, daren kuka ɗaya ka gani. Je ka tambayi uban yarinyar nan mai farin ido nawa ya gani.

Ma'aikatan likita, ku ma ga naku. Na san kwalbar allurar dussa ta yara goma ce, in an haɗa ta da ruwanta kuma awa shida take yi a zubar da saura. Na san ana tambayar ku lissafin abin da ya lalace. Amma matar da ta taso tun asuba, ta tako yashi da goyo, aka ce mata yara ba su cika ba ta dawo mako mai zuwa, da wuya ta dawo. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya. Wadda kuma ta zo a makare, ko karnenta ya ɓace, ko gara ta ci shi, kada a yi mata tsawa gaban mata. Tsawa ɗaya a layin awo takan hana mata biyar na unguwarsu zuwa. Ku nuna wa masu shakka ɗan tambarin da ke jikin kwalba, wanda ke sauya launi in zafi ya lalata maganin, su gani da idonsu cewa ba a yi wa ɗansu da abin da ya mutu.

Ranku ya daɗe hakimai da masu gari, Allah gafarta malamai limaman Juma'a: a wannan ƙasa magana ba ta zama magana sai ta fito daga bakinku. A sa mai shela ya zaga ranar jajibirin allura. A faɗa a huɗuba, a faɗa a wurin raɗin suna tun ana raba goro, lokacin da uban jariri ke zaune gaban jama'a. Mai gari ya san gidan da aka haihu wata tara da suka wuce fiye da kowane rajista. Ƙauyukan da tsoron 'yan bindiga ya hana ma'aikata kwana, a shirya musu rana da wuri, a tara yara a kai su inda ake iya yi. Samarin fada masu babur, ku ware safiya ɗaya ku kwashi mata da goyo.

Idan kuwa baƙon ya riga ya sauka a gidanka, zazzaɓi da mura da jan ido sannan ƙuraje daga fuska zuwa jiki, kada a ɓoye yaro a ɗaki mai duhu. A kai shi likita ranar, a ba shi bitamin A da ke ceton ido, a duba huhunsa. A ci gaba da ba shi nono da ruwa da kunu, a goge masa ido da ruwa mai tsabta, kada a ɗiga masa komai na gida a ciki. A raba shi da sauran yara, a hana shi makarantar allo da gidan biki, a kuma gaya wa ma'aikacin likita don a bi yaran unguwar da allura kafin ta zaga.

Wanda ya buɗe karne yau ya ga gurbi, kada ya ce lokaci ya wuce. Ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Mura ko ɗan zawo ba sa hana allura, yaro mai tamowa ma shi ya fi kowa bukatarta. Wanda karnensa ya ɓace a je da shi haka nan, za a duba rajista ko a ba shi sabo. Gobe da safe ka tambayi ma'aikacin lafiyar garinku ranar allura a likitar da ta fi kusa, ka ware kuɗin kabu-kabu tun yanzu ka damƙa wa uwar yaro, in da hali ka raka ta. Allurar dussa na ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin jiki ya gama ɗaura ɗamara. Yaron da aka yi wa a makon nan, kafin 'yan ci-ranin farko su dawo gida bikin aure, nasa ya riga ya kama.